Ragowar Itacen Goggo Agatha

Leona ba ta iya yabo ba. In ta ɗanɗana miyar masararki ta ce "ba laifi," to ki je ki taka rawa, kin ci gari. Sau ɗaya tak na ji yabo na gaske ya fito daga bakinta, shi ma itace ta yaba. Muna tsakiyar fadama, ruwa har gwiwa, sauro na shagali a wuyanmu, ta shafa jikin wani itace da muke kira wisgak ta ce, "Wannan mutumin kirki ne." Ni da muka yi shekara sittin da ɗoriya tare ban samu ko rabin haka ba.

'Yar goggona ce. Uwarta Agatha yayar babana ce, don haka Yaya nake ce mata, ta kuwa ba ni shekara tara. Ƙanenta Enos sa'ana ne, abokin wasana, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu zagi juna ba. An haifi Leona a gidan katakon nan na bakin fadama, a arewacin Michigan, inda in iska ta taso kana jin ƙugin babban tafki daga cikin ɗaki. Tana shekara bakwai aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana ta 'yan coci. Ta dawo tana da goma sha biyar, rabin harshenmu na Odawa ya zube mata a can. Ba ta taɓa ba ni labarin wurin ba, ni ma ban tambaya ba. Ta yi wankin zannuwan gado a otal ɗin masu zuwa hutun lokacin zafi. Ta auri wani masunci, shekara huɗu da auren tafki ya cinye shi har da kwale-kwalensa. Ba su haihu ba. Ta tattara kayanta ta koma gidan uwarta, ta zauna kusa da ita ta ɗauki wuƙa. Tun daga ranar saƙar kwando ce aikinta.

Kwandonmu daga wisgak yake fitowa, ba wani itace da zai yi. A fadama yake tsirowa, ƙafarsa cikin ruwa, kuma cikin ɗari da ƙyar ka samu biyar da suka miƙe sak ba ƙulli. In Leona ta zaɓi nata, sai ta ajiye taba a gindinsa ta gaya masa abin da za ta yi da shi, sannan a sare. A saɓo gungumen a kafaɗa a fito da shi tudu, a ɓare ɓawon, a yi ta dukansa da bayan gatari daga wannan kai zuwa wancan. Kowace shekara itacen falle ɗaya yake ƙarawa a jikinsa, dukan ne ke sa fallayen su saki juna su ɗago. Leona takan kama falle da haƙori ta tsaga shi biyu, ta kankare shi a cinyarta har ya yi santsi, sannan ta saƙa. Tana iya duba falle ta ce miki wannan shekarar an yi fari, waccan ruwa ya yi yawa. Kakanninmu sun yi ta sara a fadamar nan ba ta ƙare ba, don ba a ɗaukar fiye da uku ko huɗu a shekara. Ita ce gonar Leona, ita ce kasuwarta, in ban yi saɓo ba ma ita ce cocinta.

A shekarar 2002 labari ya zo daga kudu, wai wani koren ƙwaro ya ƙetaro teku cikin katakon akwatunan kaya, yana kashe duk itacen da ke dangin wisgak a Detroit da kewayenta. Tsawonsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Yana saka ƙwai a ɓawo, tsutsar ta shige ta yi ta cin abin da ke tsakanin ɓawo da itace, har ta datse hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Itacen ya mutu a tsaye, ƙishirwa ta kashe shi ko da yana cikin ruwa. Aka tara mu a ofishin ƙabila aka ce ƙwaron ba ya tashi da nisa da kansa, mutane ne ke ɗaukar sa a mota, cikin itacen wuta.

Washegari Leona ta samo allo da fenti ta rubuta kada wanda ya shigo mana da itace daga kudu, ta kafa a mararrabar hanya, ta kai kujera ta zauna a gindinsa tana saƙa. Ba wanda ya sa ta. Duk motar masu zuwa kwana a daji da ta biyo, sai ta ɗaga hannu.

"Bawan Allah, me ke ƙarƙashin tamfol ɗin nan?"

"Ɗan itacen gashin nama ne, Mama."

"Daga ina?"

"Daga gida."

"To juya ka mai da shi gida, kar 'yan'uwansa su yi kewarsa."

Wasu su yi dariya su wuce, wasu su ji kunya su sauke, ta ƙone shi nan take a cikin ganga. Na sa mata suna 'yar sandan itace, ta ce ba laifi. Haka ta yi lokacin zafi biyu a kujerar nan.

Goggo Agatha ta rasu a watan Fabrairu na 2004, ranar Talata da hantsi, wuƙar kankara na kan cinyarta. A wurinmu in mutum ya mutu ana hura masa wuta a waje, kwana huɗu ba ta mutuwa, don ta haska masa hanya har ya isa inda za shi. Maza ke gadinta, kowa ya zo ya jefa 'yar taba ya yi addu'arsa. Wuta ta kwana huɗu cikin dusar ƙanƙara kuwa tana cin itace ba kaɗan ba.

Enos na Detroit a lokacin, yana aiki a kamfanin haɗa motoci, rabonsa da gida shekara goma sha ɗaya. Ranar Laraba da azahar sai ga shi a a-kori-kura, ya ɗauro mata tirela a baya, duka biyun maƙare da itace, an faskara an jera tsaf. Ya fito idanunsa jawur, ya yi tumbi, gashi ya zube.

Na ce, "Ka ga mutumin birni. Wa ya cinye maka gashin kai?"

Ya ce, "Sella, ke har yanzu ba a samu mai kwashe ki ba?" Ya yi yunƙurin dariya, ba ta fito ba. Ya juya wajen yayarsa. "Yaya, ban zo da komai ba sai wannan. Ban yi mata komai ba tana raye. A bar ni in yi mata wuta."

Ya ce hukumar gari ce ta sare duk itatuwan layinsu ta bar su a bakin titi, shi kuma da ya ji labarin rasuwar ya ari zarto ya yi ta yanka har hannunsa ya fashe. Ya nuna mata tafin, duk jini ya bushe.

Leona ta ɗauki faskare ɗaya. Ɓawon ya saki a hannunta kamar an jiƙa shi. A ƙarƙashinsa ga zane nan ya yi ta lanƙwasa, irin sawun maciji a yashi, cike da garin itace. Mun ga hotonsa a ofishin ƙabila, ba mai buƙatar a gaya masa. Na kalle ta, fuskarta ba ta motsa ba. Ta mai da faskaren inda ta ɗauko ta ce, "Sannu da hanya, Enos. Shiga ka ci abinci."

Da ya shige na ja ta gefe. "Yaya, kin ga abin da na gani?"

"Na gani."

"To ki gaya masa mana!"

"In ce wa ɗa ya kwashe itacen da ya kawo wa uwarsa? Ke ki je ki faɗa."

Ban je ba.

Ta ce, "Wuta zai shiga. Duk zai ƙone."

Bai ƙone duka ba. Enos ya kawo abin da zai yi wutar mutum biyu. Ya zauna a bakin wutar nan duk sauran kwanakin, ana ba shi kofi da soyayyen burodi, ba ya yarda wani ya karɓe shi. Ranar ta huɗu aka bar ta ta mutu da kanta yadda ake yi, aka kai Goggo, aka ci shinkafar tafki da farin kifi, aka watse. Enos ya koma bakin aikinsa. Ya bar mana kusan sulusin itacen a tsakar gida.

A gidanmu ragowar itacen wutar mamaci ba a sa shi a murhu, ba a dafa abinci da shi, ba a sake kunna masa wata wuta. Daji ake mayar wa, ya ruɓe a can. Haka Goggo ta yi da na mijinta, haka ta yi da na babana. Na ce wa Leona mu zuba masa mai mu banka masa wuta a ganga, wa zai sani. Ta kalle ni, kwana huɗu ba ta runtsa ba, ta ce, "Inna za ta sani." Sannan ta ce, "Dubi sanyin da ake yi. Ko gatari aka bari a waje sai ya tsage. Wace tsutsa ce za ta rayu?" Na duba sanyin, na ga kamar tana da gaskiya. Ko kuma na gaji ne, ban sani ba.

Ni na tuƙa motar. Gara in faɗa tun yanzu, don kar a ce na ɗora wa Leona ita kaɗai. Sawu biyu muka yi. Muka jera itacen a bakin fadama, daidai inda Goggo take ajiye takalmanta na gida ta sa na roba in za ta shiga. Leona ta yayyafa taba a kai, muka juyo.

Shekara huɗu ba a ga komai ba. Ta ci gaba da zama a mararraba tana tare motoci, ni kuma na daina ce mata 'yar sanda. Ba mu taɓa tada zancen ba. Kowace shekara in ganye ya fito takan tsaya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon saman itatuwa, sannan ta ce mu je.

Tsuntsaye ne suka fara gaya mana. Wani watan Maris muka shiga duba gungume, muka tarar da masu ƙwanƙwasa itace da baki sun cika fadama, ko'ina ƙwas ƙwas, sun ɓare jikin itatuwan gefen hanya sun bar su fari-fari. Tsutsa suke haƙa. Leona ta matsa kusa da ɗaya ta sa yatsa a wani ɗan rami mai siffar rabin wata, inda ƙwaron ya huda ya fita. Ta ƙirga bakwai a wuri ɗaya. Daga inda muke tsaye ana hango tarin itacen Goggo, ya fara ruɓewa, gansakuka ta rufe shi. Itatuwan da suka fi kusa da shi su suka fi lalacewa, abin ya bazu daga nan kamar ruwan da aka zubar a ƙasa. Ban ji komai ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Na tsaya ina tunanin na bar wake a kan wuta.

Leona ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ta yi yaƙi, ba zan hana ta wannan ba. Tana da shekara sittin da takwas ta shiga fadama da gatari kullum. Ta sare waɗanda suka kamu ta ƙone, ta rataya tarkunan nan masu danƙo da ofishin ƙabila suka raba. Aka ce in an zagaye itace ɗaya da sara ƙwarin za su taru a kansa, sai a sare a ƙone. Ta yi, tana ba itacen haƙuri tana sara. Da kaka ta shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a ƙasa ta tara 'ya'yan itacen, ta rubuta wa kowace jaka sunan gindin da ta fito, aka kai ofis aka sa a firji. Cikin itatuwan da suka rage da lafiya ta sa aka sare goma sha biyu, aka ɗaura musu duwatsu aka nutsar a kogin bayan gari, don a ruwa ba sa bushewa, ƙwaro kuma ba ya iske su.

Wata ma'aikaciyar gandun daji ta zo da magani, irin wanda ake huda gindin itace a yi masa allura duk shekara biyu. Ta ce abin da ke hannunta na itace goma ne kawai, Leona ta zaɓa. Goma cikin ɗaruruwa. Kwana uku tana yawo da jan ƙyalle, ta ɗaura wa wannan, ta dawo ta kwance ta ɗaura wa wancan. Mutumin kirkin nan nata yana cikin goman. Da aka gama allura sai ma'aikaciyar ta ce, af, kada fa a sa fallensu a baki, akwai guba. Leona da ba ta iya tsaga falle sai da haƙori. Ta ce, "Wato an cece su, amma ba nawa ba ne kuma." Matar ta hau tattara robobinta.

Shekara biyar fadamar ta tafi. Saman itatuwan ya fara sanƙo, suka yi ta fitar da 'yan rassa a gindi kamar masu neman agaji, sannan suka tsaya cak. Da babu masu shan ruwan, ruwa ya hau, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta cinye hanya. Goman nan masu jan ƙyalle ƙwaro bai kashe su ba. Iska ce ta yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya, don ba sauran maƙwabta da za su tare musu ita. Mutumin kirki ya faɗi a watan Nuwamba na 2013, saiwarsa a sama. Leona ta je ta kwance ƙyallen ta sa a aljihu, ta dawo ta dafa shayi.

A tsakiyar wannan ne Enos ya yi ritaya ya dawo gida, matarsa ta rabu da shi, ƙirjinsa ba lafiya. Ya ce yana so ya koyi dukan gungume kafin ya mutu. Leona ta sa aka ciro ɗaya daga kogi. Yana duka yana haki, ina zaune ina yi masa tsiya.

"Da ƙarfi mana, tsoho! Sauro kake kashewa?"

"Ki zo ki kwanta a wurin, ki ji ko da ƙarfi ne."

Ya ajiye gatarin ya share zufa, ya kalli fadamar, itatuwa tsaye tsirara har iyakar gani. Ya ce, "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya kawo mana wannan bala'i. Wani sakarai ne da itacen gashin namansa, na rantse. Da zan gan shi, da gatarin nan zan raba masa kai."

Maganar ta taho mini har bakin haƙori. Shekara da shekaru ina riƙe da ita, kuma haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, na rasa wanda ya fi. Leona ba ta ko ɗago daga fallen da take kankara ba. Ta ce, "Sella, tashi ki duba mini ruwan zafi." Babu wani ruwa a kan wuta. Na tashi na shiga ɗaki na tsaya.

Daga baya na ce mata, "Mutumin nan fa ya sani. Ba a zama a Detroit shekarun nan a ce ba a sani ba."

Ta ce, "Wataƙila. Ya kawo ne a ƙone. Mu muka kai."

Enos ya yi shekara uku yana duka mata gungume. Bai taɓa iyawa sosai ba, amma fallayen na ɗagowa. Kowace shekara a ciro biyu daga kogi, wata shekarar ɗaya. Kwandunan Leona suka yi ta ƙanƙancewa, daga na zuwa kasuwa zuwa na ajiye allura da zare, don falle ya kai. Masu zuwa hutu suna cewa ƙananan sun fi kyau.

Enos ya rasu a watan Janairu na 2016, a kujerar da ke bakin taga. Maza suka zo suna tambayar inda za a samo itacen wuta. Leona ta nuna musu fadama da haɓa. Ruwan ya daskare ya zama ƙanƙara, har mota na iya shiga. Suka yini suna yanka, busasshen wisgak mai shekara ɗari, wanda da a ce da ne ko reshensa ba mai taɓawa sai da taba da ban haƙuri. Ya ci wuta ƙwarai, ba hayaƙi, kowa na yaba shi. Na zauna kusa da Leona da rana muna kallon wutar, ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta saƙa masa ɗan kwando da fallen da ya duka da hannunsa, ta sa taba da ashana da ɗan burodi, guzurin hanya, aka sa masa a akwati.

Ranar ta biyar, bayan an watse, na fito na tarar da ita tsaye a tsakar gida da sanda, tana kallon ragowar itacen. Ya yi kusan sawu biyu.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Kawo motar."

"Ina za mu kai?"

"Inda ake kaiwa."

Na tsaya da makulli a hannu. Ta juyo ta dube ni, idanunta a bushe.

"Mu je, Sella. Me ya rage da za su ci?"